Wa ke da alhakin hanyar ruwa idan an toshe ta da gini?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman haske daga masana doka da masana gine-gine da ke wannan zaure a kan wata matsala da ta hana mu barci a unguwarmu da ke gefen birnin Kano. Tun da na tare a gidana shekara goma sha ɗaya da suka wuce, akwai wani kwari a bayan layinmu wanda duk ruwan saman unguwar yake bi ya gangara wani tsohon kududdufi. Da ranin bana wani bawan Allah ya sayi wurin, ya sa tifofi suka yi ta juye ƙasa har kwarin ya cike, ya zagaye shi da katanga, ya bar wani ɗan bututu wanda ko ruwan wanke-wanken gida uku ba zai ɗauke ba. Ruwan da aka yi daren Talata bai sami hanya ba, sai ya dawo mana. A tsakar gidana ya kai gwiwa, ya shiga ɗakin uwargida ya jiƙa katifu da buhun shinkafa, katangar maƙwabcina kuwa, da yake ta ƙasa ce, ta zube gaba ɗaya. Da muka sami mutumin sai ya ce yana da takarda, wanda bai yarda ba ya tafi kotu. Shin takarda tana ba mutum ikon toshe hanyar ruwa? Kuma wace hukuma ce doka ta ɗora wa alhakin irin wannan kwari?

Barista Hauwa:
Wa alaikumus salam Baban Khalifa, Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Takardar mallakar fili daban, izinin gini daban, kuma ko mutum ya haɗa su biyun, babu wadda ta halatta masa ya juyo da ruwa gidan maƙwabcinsa. Saboda haka abu na farko shi ne ku nemi ganin takardar da idonku, ku san ko shaidar mallaka ce daga gwamnati ko takardar ciniki ce kawai tsakaninsa da wanda ya sayar masa.

Tambayarka ta biyu ce mai wuya, domin dokokinmu sun kasa hanyar ruwa kashi uku kamar naman layya. Ƙasar da kwarin yake a kai, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ta a hannun gwamnan jiha a matsayin amana. Shi ke ba da fili a cikin birni, ƙaramar hukuma kuma a karkara. Lambatu da magudanan ruwa na cikin gari, jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa gina su da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, gwargwadon yadda majalisar dokokin jiha ta tsara. Kogin da ya ratsa jiha fiye da ɗaya kuwa na gwamnatin tarayya ne, bisa dokar albarkatun ruwa ta 1993. Sai kuma batun izinin gini: gwamnatin soja ta yi dokar tsara birane a 1992 don ta game ƙasa baki ɗaya, amma a 2003, a ƙarar da jihar Legas ta shigar, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Ke nan ruwan da ya zubo daga indararon gidanka yana sauya ubangida har sau uku kafin ya isa kogi, kowane ubangida kuma yana iya nuna maka na gaba da shi.

Injiniya Habu:
Barista ta taɓo inda gizo ke saƙa, amma zan ƙara da cewa kwarin da Baban Khalifa yake magana a kai ba ya ma cikin kashi ukun sosai. Ba lambatu ba ne da wani ya gina, ba kogi ba ne mai suna, hanya ce da ruwa ya fafe wa kansa tun kafin a yi unguwar. Da rani busasshiyar ƙasa ce, dillali yana iya tsayawa a kanta ya ce fuloti ne, kuma a takarda babu abin da zai ƙaryata shi. A unguwannin awon gwamnati akan ware irin wannan wuri a taswira tun kafin a raba filaye. A unguwannin awon igiya kuwa mai gona ne yake yanka gonarsa, kuma kowane taku da ya bar wa ruwa kuɗi ne ya bari, shi ya sa ba ya bari.

Kududdufin da Baban Khalifa ya ambata shi ma kada a raina shi. Yawancin kududdufan Kano ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, daga baya suka zama matattarar ruwan sama: sukan riƙe ruwan sa'a biyu ko uku na mamako, sannan ya tsotse a hankali. Duk wanda aka cike aka yi shaguna a kansa, ruwan da yake riƙewa bai ragu ko da cokali ɗaya ba, wuri kawai ya sauya. Ga shi kuma tsakar gidajen da a da ƙasa ce mai shan ruwa yanzu duk siminti ne da tayil. Don haka kwalbatin da ya wadatar shekara ashirin baya yau ya yi kaɗan, ko da ba a jefa masa leda ko ɗaya ba.

Malam Ɗanjuma:
Ni dai, tare da girmamawa ga Barista da Injiniya, ina ganin muna nema wa kanmu mafaka ne a bayan doka. Dokoki ba su yi mana kaɗan ba. Akwai NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, da aka kafa a 2007, kuma ta fitar da ƙa'idoji a kan fadamu da gaɓar koguna a 2009, da wasu a kan zaizayar ƙasa da ambaliya a 2011. Akwai NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, tun 1999. Akwai NIHSA, hukumar lura da yanayin ruwa ta ƙasa, wadda kowace shekara kafin damina take fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Wace doka ce kuma ta rage? Ku leƙa lambatun kowace kasuwa ku gani, ledar ruwa ce da robar lemo da ɓawon rake. Da idona na ga mace ta fito da kwandon shara ana tsakiyar ruwa ta juye a kwata, wai ruwa ya tafi da shi. Wannan ba gwamna ba ne, ba shugaban ƙaramar hukuma ba ne, mu ne.

Barista Hauwa:
Malam Ɗanjuma, ban musa maka zancen shara ba, kuma dokokin tsaftar muhalli na jihohi sun tanadi tara a kanta. Amma lissafin da ka kawo shi ne hujjata. Duba aikin kowace daga cikinsu: ɗaya tana hasashe, ɗaya tana rubuta ƙa'ida, ɗaya tana kai shinkafa da tabarmi bayan ruwa ya ci gari. A cikinsu wace ce Baban Khalifa zai je wa gobe da safe, doka ta tilasta mata ta zo ta duba kwarin cikin kwanaki kaza, idan ta ƙi kuma ya kai ta ƙara ya yi nasara? Yawancin dokokin nan iko suke bai wa hukuma, wato tana iya yin kaza, ba su cika ɗora mata wajibi ba, wato dole ta yi kaza. Hatta sashe na 20 na kundin tsarin mulki, wanda ya ce gwamnati za ta kare muhalli da ruwa da ƙasa, yana cikin babi na biyu ne, kuma sashe na 6 ya hana kotu tuhumar gwamnati a kan abin da ke cikin wannan babi shi kaɗai. Kuma ko an kwashe duk ledar Kano a daren yau, katangar mutumin nan tana nan a kan kwarin.

Abu Safwan:
Ina so in yi magana a madadin wanda ba ya cikin zauren nan, wato mai ginin. Ban san shi ba, kuma ban ce ya yi daidai ba. Amma mu tambayi kanmu dalilin da ya sa mutane suke sayen kwari. Fulotin tudu ya fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwar tebur, na kwari kuwa ana samunsa da rahusa, mai unguwa ya sa hannu, shaidu su sa hannu, wani lokaci har kuɗin shiga ake karɓa a kansa. Sai mutum ya zuba abin da ya tara na shekara goma, sannan a zo da jan fenti a shafa masa a katanga. Kuma kowa ya san rusau ya fi saurin isa gidan mai ɗaki biyu fiye da katafaren ginin da aka dasa a kan babbar magudanar ruwa. Idan za a yi gyara a fara da wanda ya sayar da wanda ya sa hannu.

Injiniya Habu:
Abu Safwan, maganarka tana da ƙanshin gaskiya, sai dai ka manta cewa maƙwabcin Baban Khalifa da katangarsa ta zube shi ma talaka ne, wataƙila ma ya fi mai tifofin talauci. Rahusar da mai kwari ya samu ba daga sama ta faɗo ba, maƙwabtansa ne suke biyan cikon kuɗin duk damina.

Barista Hauwa:
A kan diyya, ga yadda abin yake. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon soke mallakar fili saboda maslahar jama'a, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya a kan abin da mutum ya gina ko ya shuka, ba a kan ƙasar kanta ba. Wannan ga wanda mallakarsa ta inganta ke nan. Wanda ya sayi filin birni ba tare da amincewar gwamna ba, dokar ta ce cinikin bai ƙullu ba, wanda kuma ya yi gini babu izini da wuya ya sami ko sisi idan aka rushe. Abin da ya rage masa shi ne ya bi wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. Na yarda da Abu Safwan cewa akwai zalunci a yadda ake zaɓen wanda za a rushe wa, amma maganin wannan shi ne a fitar da taswirar hanyoyin ruwa ta kowace unguwa a liƙa ta inda kowa zai gani, ta yadda babu mai cewa bai sani ba, mai saye ko mai sa hannu.

Malam Liman:
Assalamu alaikum. Na ga ana ta ambaton dokokin boko, sai na ga ya dace a tuna cewa shari'armu ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Asalinsa hadisin nan ne da Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, cewa babu cuta babu cutarwa. A kansa malaman fiƙihu suka gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka, har da haƙƙin wucewar ruwan da ake son a fitar ta cikin filin wani. Ƙa'idarsu ita ce abin da aka tarar tun da can ana barinsa yadda yake. Idan ruwan unguwa ya saba bi ta wani fili, wanda ya sayi filin ya saye shi ne tare da wannan nauyi, ba shi da ikon toshewa. A Muwaɗɗa ɗin dai akwai labarin Dahhaku ɗan Khalifa, wanda ya so ya ratsa da magudanar ban-ruwa ta gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi, sai Sayyidina Umar ya tilasta masa tun da abin ba zai cutar da shi ba. Malamai sun yi saɓani a kan tilasta wa mutum sabuwar hanya irin wannan, amma toshe tsohuwar hanya har ruwa ya rushe katangar maƙwabci, wannan cuta ce bayyananniya, kuma ana umartar mai yin ta ya gusar da ita.

Barista Hauwa:
Allah ya gafarta Malam, wannan ya yi daidai da abin da kotunan boko suke bi a babin cutar da maƙwabci, kuma sau da yawa mutum ya fi jin wannan daga bakin limaminsa fiye da takardar lauya. Abin lura kawai shi ne hurumi. Idan filin yana da shaidar mallaka daga gwamna, sashe na 39 na dokar 1978 ya ce rigimar mallakarsa ta Babbar Kotun jiha ce kaɗai. Idan mallakar gargajiya ce ta hannun ƙaramar hukuma, ƙananan kotuna suna iya saurare. Mutane da yawa sun yi shekara biyu suna shari'a, daga ƙarshe aka ce kotun ba ta da hurumi tun farko.

Maman Ilham:
Gaisuwa ga kowa. Ina zaune a Ingila, kuma abin da Barista ta faɗa game da rarrabuwar alhaki ya tuna mini da yadda suka yi da nasu. A daminarsu ta 2007 ruwa ya shiga gidaje da wuraren sana'a kusan 55,000, kuma binciken da Michael Pitt ya jagoranta ya gano cewa ruwan sama da ke malala a tituna ba shi da takamaiman mai alhaki. Sai suka yi doka a 2010 wadda ta ce a kowane yanki majalisar yankin ce jagora a kan irin wannan ambaliya, manyan koguna kuma suna hannun hukumar muhalli ta ƙasa. Akwai kuma dokar magudanan ruwa ta 1991: idan rafi ya bi ta filinka, kai ne za ka bar ruwa ya wuce, ba ka da ikon sa masa kwalbati ko datse shi sai da izini a rubuce, idan ka toshe kuma ana iya aiko maka da takardar umarni ka buɗe. A yankunan da ƙasarsu take kwance akwai hukumomin magudanan ruwa na musamman, waɗanda manoman wurin suke biyan kuɗin gudanar da su. Ban ce komai nasu ya gyaru ba, domin wani ɓangare na dokar 2010 da ya shafi magudanan sababbin unguwanni ya shafe fiye da shekara goma ba a fara aiki da shi a Ingila ba. Amma aƙalla mai ƙorafi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Baba Manomi:
'Ya'yana, ku kuna maganar layi ɗaya, mu a ƙasar Haɗejiya garuruwa ne sukutum. Tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa a wasu rassan kogin da rani, sai ciyawar kachala ta samu wuri ta cike su. Idan damina ta yi ƙarfi ruwa ba ya samun hanyarsa ta da, sai ya fasa ta gonaki. Abin da muke yi shi ne aikin gayya: a shiga da lauje a yanke kachala, a cika buhuna da ƙasa a yi jinga. To amma jingar da ta tsare garinmu ita ce take tura ruwan garin da ke ƙetare, su ma su ɗaga tasu, har ta kai ana kwana ana gadin jinga don kada wani ya zo da dare ya fasa. Barista, a doka wa ke da ikon cewa ga inda za a yi jinga, ga inda ba za a yi ba?

Barista Hauwa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Kogin Haɗejiya ya taso daga Kano ya ratsa Jigawa ya shiga Yobe, don haka ruwan tarayya ne, kuma dokar da ta kafa hukumomin raya koguna ta sa shawo kan ambaliya cikin ayyukansu. Amma gonar da aka ɗora jingar a kanta ƙasar jiha ce, rigimar garuruwan biyu kuma a aikace hakimai da masarauta ne suke kashe ta. An yi ta kai ƙudurin dokar da za ta haɗe dokokin ruwa wuri ɗaya gaban majalisar tarayya, ya sha suka daga masu ganin tarayya za ta ƙwace gaɓar kogunan jihohi, bai kai ga zama doka ba.

Injiniya Habu:
Haka abin yake har a manyan bala'o'in da muka gani. Dam ɗin Alau da ya ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024 ya mamaye Maiduguri da Jere, shekara talatin bayan ambaliyar 1994, kadarar tarayya ce, unguwannin da ruwan ya bi kuwa jiha ce take tsara su. Na Lagdo ma a Kamaru yake, an gama shi a 1982, dam ɗin Dasin Hausa da aka ce za a gina a Adamawa don ya tare ruwan da ake saki daga Lagdo har yau bai tabbata ba. A ambaliyar 2012 mutum 363 suka rasu, a ta 2022 fiye da 600.

Malam Ɗanjuma:
Na karɓi gyara a kan bambancin iko da wajibi, ban taɓa lura da shi ba. Amma ina nan a kan bakata cewa ko an naɗa hukuma ɗaya, idan ba ta da kuɗi da ma'aikata sunan kawai za ta ɗauka. Ƙaramar hukumar da aka ce lambatu nata ne, sai a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ta kuɗinta kai tsaye, kuma ku tambayi kowace ko tana da injiniyan ruwa ko da guda ɗaya. Mu koma kan Baban Khalifa, me zai yi kafin ruwa na gaba?

Barista Hauwa:
Ya fara da hujja tun ruwan bai bushe ba: hotunan alamar ruwa a bango, katangar da ta faɗi, bututun da aka sa, da kwanan wata. Su nemi dattawan da suka san kwarin tun yana gona, su kuma duba tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam na Google Earth, domin sukan nuna yadda wuri yake shekaru baya. Su rubuta takardar koke guda ɗaya da sa hannun duk magidantan layin zuwa hukumar tsara birane ta jiha, kwafi ga ma'aikatar muhalli da ƙaramar hukuma da hakimi, kuma kowane ofis ya buga musu hatimin karɓa a kan nasu kwafin. Idan mutumin ya ci gaba da gini, lauya zai iya neman umarnin kotu na dakatarwa tare da diyyar ɓarna. Idan kuma suna tunanin haɗawa da wata hukuma a ƙarar, kada su yi jinkiri, domin dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar a shigar da ƙara, ko da yake akwai sassauci idan cutar tana ci gaba, wasu hukumomin kuma sai an ba su sanarwa kafin a kai su kotu.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan sallar isha'i mun zauna a ƙofar gidan mai unguwa, limamin unguwa ya karanta wa mai ginin kusan abin da Malam Liman ya rubuta a nan. Takardar da yake taƙama da ita ta fito, ta ciniki ce, da sa hannun shaidu uku, babu izinin gini. Ya sauko har ya yarda zai fasa katangar ta gefen gabas a yi lambatu, amma ya ce faɗin taku biyu kawai zai bayar, kuma mu za mu sayi siminti. Mutanen layi sun rabu, wasu sun ce a karɓa a huta, maƙwabcina da katangarsa ta faɗi ya ce sai an biya shi tukuna. Takardar koken tana hannuna, magidanta goma sha huɗu sun sa hannu, saura uku. Injiniya, idan na turo maka hoton wurin da tsawon layukan da suke zubo ruwa a cikinsa, za ka iya gaya mana ko taku biyun zai ɗauka? Hadari yana haɗuwa a gabas tun la'asar.

Injiniya Habu:
Turo, ka haɗa da zurfin da kwarin yake da shi kafin a cike, da inda ruwan zai faɗa bayan ya wuce katangar. Kada ku sa hannu a kan taku biyu kafin in gani.